Niyon tetra a zafin Legas: abin da ya kashe kifayenka da yadda za ka sake farawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune ne a Agege, a ciki da falo da babu na'urar sanyaya ɗaki. Na sayi ƙananan kifayen ado guda shida, waɗanda ake kira niyon tetra, na zuba su a kwanon gilashi mai cin kamar lita 10 da ruwan burtsatsen gidanmu. Kafin mako ya zagayo huɗu sun mutu, biyun da suka rage kuma launinsu ya koɗe, kullum suna saman ruwa suna buɗe baki. Mai shagon ya ce sanyi ne ya kama su, in sayi abin ɗumama ruwa. Shin haka ne? Kuma anya wannan kifi zai rayu a Legas da irin wutar lantarkin da muke samu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka ɓatar da kuɗinka a kan abin ɗumama ruwa, domin ba sanyi ne ya kashe kifayenka ba. Wannan shawara ta samo asali ne daga littattafan da aka rubuta domin mutanen Turai da Amurka, inda ɗaki kan yi sanyin da kifin ƙasashe masu zafi ba zai jure ba, kuma masu shaguna da yawa suna maimaita ta ba tare da sun taɓa tsoma ma'aunin zafi a ruwa ba. A ɗakin Legas da ba a sanyaya shi, ruwan da ke ajiye yakan kai digiri 28 zuwa 30, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, alhali niyon ya fi son digiri 20 zuwa 26. Asalinsa ƙoramu ne da ke ƙarƙashin inuwar kurmi a yammacin kwarin Amazon, wato sassan Peru da Kolambiya da Barazil, inda rana ba ta dukan ruwa kai tsaye. Saboda haka damuwarka ita ce yadda za ka rage zafi, ba yadda za ka ƙara shi ba.

Amma ko zafin ma ba shi kaɗai ba ne, kuma a ganina ba shi ne babban mai laifi ba. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, mafi yawansa ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya nutse suna ruɓewa su ƙara wata amoniyar. A kogi wannan ba komai ba ne, tunda ruwa yana tafiya da ita. A kwanon lita 10 kuwa babu inda za ta je, sai ta taru ta ƙone waɗannan gaɓoɓin numfashi, kuma gubarta tana ƙara ƙarfi idan ruwa ya yi zafi. Ga shi ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 ne kawai, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Tsayawa a saman ruwa da buɗe baki da koɗewar launi da ka gani duk alamomin haɗuwar waɗannan abubuwa ne. Yawancinmu tarwaɗa muka sani, wadda ake cunkusawa a roba ta kwana da rai, amma ita tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman da take shaƙar iskar sarari da ita, tetra kuwa ba shi da wannan gata.

Biyun da suka rage, ka mayar da su babbar roba ko bokiti mai faɗin baki wanda sabulu bai taɓa shiga ba, ka riƙa canza kusan rabin ruwan kowace rana da ruwan da ya kwana a ɗakin, ka dakatar da abinci na kwana biyu, sannan ka samo ƙaramin injin iska, wato na'urar da ke busa kumfar iska cikin ruwa. Kada ka ƙaro musu 'yan'uwa yanzu.

Abin da ke sa tankin gilashi ya zama wurin zaman kifi shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke manne a jikin tsakuwa da soson matata, wato na'urar da ke tace ruwan tanki. Rukuni na farko yana mayar da amoniya ta zama naitrait, wanda shi ma guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin. Rukuni na biyu yana mayar da naitrait ya zama naitret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, kuma shi ake ragewa ta hanyar canza ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Don haka ana haɗa tanki, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan tsunkulin abincin kifi kullum domin ya ruɓe ya ciyar da su, ba tare da an saka kifi ko ɗaya ba. Ana gane tanki ya nuna ne idan abin gwajin ruwa ya nuna sifiri a amoniya da naitrait, naitret kuma ya fara bayyana. A nan zafin Legas ya yi mana rana, domin waɗannan ƙwayoyi sun fi saurin hayayyafa a ruwa mai ɗumi. Akwai kuma hanyar gajerce jiran, wadda ta yi kama da yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara domin ta yi kindirmo: ka roƙi wanda yake da tsohon tanki mai lafiya ya matse maka soson matatarsa a leda, ka juye wannan ruwan mai launin ƙasa a kan sabon sosonka a ranar. Wannan dattin da ido ke ƙyama ya fi duk wata kwalbar magani da za a tallata maka.

Game da irin kifin kuwa, shawarata ita ce ka haƙura da niyon matuƙar ɗakinka ba ya sauka ƙasa da digiri 28. Zai iya rayuwa na ɗan lokaci, amma zafi yana gaggauta aikin jikinsa, ya rage masa kwana, ya kuma buɗe ƙofar cututtuka. Akwai ɗan'uwansa da ake kira kadinal tetra, wanda aka bayyana shi a ilimance a 1956, shekara 20 bayan niyon, kuma asalinsa kogunan Rio Negro da Orinoco ne. Shi yana jure digiri 28 har 29 ba tare da damuwa ba. Bambanta su ba wuya: dukansu suna da shuɗin layi mai ƙyalli, amma jan da ke ƙarƙashin layin a jikin niyon daga tsakiyar ciki yake farawa zuwa jela, na kadinal kuwa tun daga kusa da kai yake tafiya har jela. Ya fi tsada, kuma ya fi son tanki da ya daɗe da nuna. Wanda na fi ba mai farawa shawara a kansa shi ne emba tetra, ɗan ƙaramin kifi mai launin garwashi wanda bai wuce santimita 2 ba, daga kwarin kogin Araguaia na Barazil, wanda aka bayyana a 1987. Yana jure ɗumi, ba ya faɗa, kuma ƙanƙantarsa ta sa dattin da yake fitarwa kaɗan ne. Mu ma a nan gida muna da namu, wato tetran Neja mai jan ido, wanda a Nijeriya kaɗai ake samunsa, a ƙasan kogin Neja da kogin Ogun, sai dai yana kai santimita 9 kuma yana son gudu, don haka ba na ƙaramin tanki ba ne.

Kwanon gilashi mai zagaye bai dace da kowane irin tetra ba, saboda bakinsa ƙarami ne, ta saman ruwa kuma iska ke shiga. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi shi ne tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda ke cin lita 54, wato jarka biyu ta 'yan garuwa da ɗan ƙari. Ka tuna kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka idan aka haɗa da gilashi da yashi nauyin zai haura kilo 60, kuma yana bukatar teburi mai ƙarfi wanda samansa ya miƙe sosai, nesa da taga. A irin wannan tanki za ka iya ajiye emba 10 zuwa 12, ko kadinal 8. Littattafai za su ba ka damar fiye da haka, amma masu rubuta su ba a ɗauke musu wuta.

Yawan nan ba don ado ba ne kawai. Tetra a garke yake rayuwa, kuma garken shi ne kariyarsa daga manyan kifaye, domin mafarauci yana ruɗewa idan ya ga ƙyalli da yawa suna juyawa lokaci guda. Idan suka gaza shida sai tsoro ya kama su, su ɓuya a lungu, su ƙi cin abinci, ko kuma mai ƙarfi ya tasa raunana a gaba. Gara iri ɗaya guda goma da a ce iri biyar bibbiyu. Akwai ma wani abu da Karl von Frisch ya gano a 1938 a wasu ƙananan kifayen Turai, wanda tetra ma suna da shi: idan fatar ɗaya ta ji rauni, wani sinadari yana fita cikin ruwa wanda sauran ke ji su firgita. Shi ya sa kora su da raga ba gaira ba dalili yake hargitsa tankin gaba ɗaya. Kada kuma ka haɗa su da kifin zinariya, ko kifin adon da ake kira oska, ko wanda ake kira enjel idan ya girma, ko 'yar tarwaɗa komai ƙanƙantarta, domin duk abin da ya shiga bakin waɗannan abinci ne.

Ruwan Legas ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne ya kamata ka fi sa ido. Ruwan burtsatse da aka ɗebo yanzu yakan zo da ƙarancin oksijin, don haka a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, in da hali da injin iska a ciki. Idan da safe ka ga ja-ja kamar tsatsa ya kwanta a gindin bokitin, ƙarfe ne a ruwan, sai ka tsiyaye na sama ka zubar da na ƙasa. A unguwannin da ke kusa da teku, irin su Lekki da Ajah, wasu rijiyoyin suna da gishiri, tetra kuma ba ya son gishiri ko kaɗan, amma a ɓangarenku na Agege wannan bai cika zama matsala ba. Ruwan famfo da na tanka ana iya saka musu kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar matata baki ɗaya, saboda haka a ɗiga musu maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi kafin a zuba. Waɗannan kifaye sun fi son ruwa mai ɗan tsami-tsami ko tsaka-tsaki, wato ma'aunin pH tsakanin 6 da 7.5, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa a sassa da dama na Legas dama yana karkata ne zuwa tsami, abin da ya zame mana sa'a. Idan gwaji ya nuna yana sauka ƙasa da 6, ka saka ɗan dakakken ɓawon kawa a ƙullin raga cikin tankin. Kada ka shiga wasan ɗaga pH da sauke shi da magunguna, domin sauyin farat ɗaya ya fi lambar da ba ta yi daidai ba illa. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bi da bakinsa ta kan yashi domin ya kwashe datti, ka mayar da sabo mai zafi ɗaya da na ciki. Soson matata kuma a cikin ruwan da ka zuƙe za ka matse shi, sau biyu ko uku kawai, ba a famfo ba, ba kuma da sabulu ba.

Maganar wuta ita ce ta sa nake cewa matatar soso ta fi kowace dacewa da mu. Soso ne kawai da ke zaune a cikin ruwa, injin iska yana busa kumfa ta tsakiyarsa, kumfar tana janyo ruwa ta cikin soson. Idan aka ɗauke wuta, soson yana nan a buɗe cikin tanki, bakteriyarsa suna ci gaba da samun ɗan oksijin. Manyan matatu masu rufaffen gwangwani kuwa, idan suka tsaya na wasu sa'o'i iskar cikinsu tana ƙarewa, abin da ke ciki ya fara ruɓa, da an dawo da wuta kuma su amayo shi cikin tanki. Injin iska na ƙaramin tanki bai wuce wat 2 zuwa 5 ba, akwai mai batir a ciki wanda ke ci gaba da aiki da kansa idan wuta ta tafi, akwai kuma wanda ake jonawa da irin batirin da ake cajin waya da shi. Wannan ne ya cancanci kuɗin da ka yi niyyar kashewa a abin ɗumama ruwa. Ka ɗora injin a wurin da ya fi saman ruwa tsayi, ko ka saka ɗan makarin da ke hana ruwa komowa a jikin tiyon, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke ruwa zai biyo tiyo ya cika injin ya malale a ɗaki. Idan komai ya ƙare babu caji, kada ka ba su abinci, ka riƙa ɗibar ruwan tankin da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci zuwa lokaci.

Domin rage zafi, ka cire murfin gilashi ka rufe da raga irin ta taga, tunda tetra yakan yi tsalle, sannan ka juya ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwan. Laimar iskar Legas ba ta bari wannan dabara ta yi aiki kamar yadda za ta yi a Kano, amma digiri ɗaya ko biyu da za ta rage ba abin rainawa ba ne. Jefa ƙanƙara ba na goyon bayansa, saboda yana sauke zafi da sauri ya kuma koma da sauri.

Launin waɗannan kifaye ya fi fitowa a kan yashi mai duhu da haske marar ƙarfi. Tsiron da ake kira anubiyas, wanda asalinsa ma kurmin Nijeriya da Kamaru ne, yana jure ƙarancin haske, sai dai ba a binne saiwarsa mai kauri a yashi, ɗaure ta ake yi da zare a jikin dutse ko itace. Kainuwa da muka sani ma tana da amfani ƙwarai, tana yin inuwa tana kuma shanye naitret, amma a wanke ta a ajiye ta a wani bokiti na mako biyu kafin a saka, kuma kada a bari ta rufe fiye da rabin saman ruwa. Busasshen ganyen bishiyar almon, wadda yara ke kira furut, ana sayar da shi da tsada a shagunan kifi na ƙasashen waje, mu kuwa share shi ake yi a harabar makarantu. Ganye ɗaya ko biyu da suka faɗo da kansu, aka wanke, suna rina ruwa ya yi kamar shayi marar kauri, irin ruwan da kadinal ya fito daga ciki. Fitila kuma sa'a 6 zuwa 8 ta isa, fiye da haka gansakuka ce za ta mamaye gilashi. Idan ka kunna fitila da asuba ka ga shuɗin layinsu ya dushe, kada hankalinka ya tashi, haka suke yi da dare, cikin ɗan lokaci zai dawo.

Da yawa daga cikin waɗannan kifaye daga gonakin kifi na kudu maso gabashin Asiya ake kawo su a jirgin sama, saboda haka ka tambayi ranar da suka iso, ka bar su su yi mako ɗaya a shago, waɗanda wahalar hanya za ta kashe su mutu a can. Kada ka saya daga tankin da ka ga matacce a ciki, ko wanda ya ware kansa yana lilo. Ka je da sassafe, ka saka ledar a cikin kula domin cunkoson hanya kada ya dafa su. A gida ka kashe fitila, ka ɗora ledar a kan ruwa minti 20, ka riƙa ƙara mata ɗan ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe kifin da raga ka zubar da ruwan shago. Ka fara da rabin garken, bayan mako biyu ka ƙaro sauran.

Bakinsu ƙarami ne, don haka ka murje abincin da yatsu, ka ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. Abincin tarwaɗa ya yi musu girma da maiƙo. Ka sayi ƙaramin gwangwani ka riƙa rufe shi sosai, domin laima tana lalata babba kafin ya ƙare. Ƙwan atimiya, wata 'yar ƙaramar halittar ruwan gishiri mai kama da jatan lande, wanda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke amfani da shi, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya a ruwan gishiri mai iska, kuma idan aka tace aka ɗauraye, babu abincin da ya fi shi fito musu da launi.

Wani abu da ke kashe tanki guda a dare ɗaya a gidajenmu shi ne maganin sauro. Sinadaran da ke cikin na feshi guba ne mai tsanani ga kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa, kuma injin iska yana zuƙo iskar ɗakin ya tura ta kai tsaye cikin tanki. Kafin a yi feshi a kashe injin, a lulluɓe tankin da leda da jiƙaƙƙen tawul, kada a buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita. Haka hayaƙin maganin sauro na kunnawa da na janareto da turaren wuta mai yawa, a nisanta su da injin. Ka sanar da uwargida da yara wannan tun ranar farko, ka kuma wanke hannu da ruwa zalla kafin ka tsoma shi idan ka shafa mai ko turare.

Cututtuka uku ne za ka fi gamuwa da su. Idan ka ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki da fikafikai, wannan tana da magani a shaguna, sai dai tetra ba ya jure magani mai ƙarfi, don haka ka karanta takardar ka ga abin da aka ce game da kifaye masu rauni, yawanci rabin awo ne. Idan fari-fari ne kamar auduga a baki ko a gadon baya kuma suna mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, bakteriya ce da ke ƙara ƙarfi a ruwa mai zafi, kuma a wannan hali ƙara ɗumi kuskure ne babba. Ta ukun ita ce wadda ake kira cutar niyon, inda launi ke gogewa daga wani sashe, baya ya karkace, kifin ya rame a hankali. Ba ta da magani, tana kuma yaɗuwa idan sauran suka ci gawar, saboda haka a cire mai ita da zarar an gane. Duk sabon kifi da za ka ƙara nan gaba ya fara yin mako biyu zuwa huɗu a wata roba ta daban.

Idan tafiya gida ta kama ka lokacin Sallah, kifi mai lafiya yana yin mako guda babu abinci ba tare da wani lahani ba. Ka canza ruwa kwana ɗaya kafin ka tashi, ka tabbatar batirin injin iska ya cika. Idan za ka wuce mako, kada ka miƙa wa maƙwabci gwangwanin abinci, domin tausayi zai sa ya zuba fiye da kima. Ka ƙulla masa awon kowane ci a 'yar takarda, ƙulli ɗaya duk bayan kwana biyu, ka ɓoye sauran, ka kuma nuna masa yadda ake cajin injin.